Ranar da Kaka Ta Tare 'Yan Wuta a Zaure

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, amma ranar da Kaka ta tare manyan malamai a zauren gidanmu na unguwar Gamboru a Maiduguri, ita kam ba za ta fita raina ba.

'Yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai, ina aji biyar a firamare. Ni yarinya ce mai kunya, ko sunana aka kira a aji sai murya ta maƙale. Amma ina da ido. Babana shi ne shugaban sashen lantarki a wata makarantar koyon sana'a. A lokacin shugabannin irin wannan sashe, na jami'a da na kwalejoji, sun kafa ƙungiya, suna haɗuwa su daidaita abin da za a koya wa ɗalibai. Shekara biyu Baba yana neman shiga, don ɗalibansa ba sa samun wucewa gaba sai ƙungiyar ta amince da karatunsu. A wannan shekarar aka ce a Maiduguri za su zauna, kuma za su karɓe shi.

Abokin aikinsa, wani mutumin Biu mai yawan barkwanci, shi ya kawo labarin. Tun daga ƙofa yake ɗaga murya: “Malam, ta tabbata! An rubuta sunanka cikin manyan 'yan wuta. Ranar Asabar za a rantsar da kai!”

Kowa ya yi dariya, ban da Kaka, mahaifiyar Baba. Tana zaune tana tsince shinkafa, na ga hannunta ya tsaya cak. Hausarta ta kasuwa ce, Barbarci ne harshenta, kuma gidanmu ba a ja masa lantarki ba tukuna. Ita “fitilar Bature” take ce wa abin. Wuta kuwa biyu ta sani: ta murhu da ta lahira.

Daga ranar ta daina amsa gaisuwar Baba. Aka yi ta tunanin ko ciwon ƙafarta ne. Ni dai na lura duk sanda aka ambaci kalmar sai leɓenta ya motsa da a'uziyya, ta ja carbi da sauri. Na gane, amma na kasa faɗa. Wa zai saurare ni?

Ranar Asabar Baba ya gayyato baƙin cin abincin rana kafin zaman rantsarwa. Su shida ne, kowanne da biro da ɗan sukundireba a aljihun gaba. Suna isowa suka tarar Kaka ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar zaure, ta miƙe ƙafa.

“Ba mai shiga,” ta ce. Ta dubi Baba. “Kai kuma in ka bi su, ba da yawuna ba.”

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Na san ba zai tsallake maganarta ba, ko da shekara goma ya yi yana jira. Ya durƙusa yana tambayarta laifinsu da Barbarci, ta kau da kai. Baƙin suka soma duban agogo.

Ina raɓe bayan ƙyaure, tulun ruwan wanke hannu a gabana. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. “Baba, Kaka ta ɗauka wutar lahira ce.”

Mutumin Biu, wanda ya rako baƙin, ya dafe kai. “Wayyo, bakina ne ya jawo!”

Shugaban ƙungiyar, wani dattijo Bakano mai koyarwa a jami'a, bai yi dariya ba. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa gefen tabarmar. “Iya, kin yi daidai. Ni ma da uwata ta ji haka, da muciya za ta bi ni.” Ya buɗe jakarsa ya fito da batir, da guntun waya biyu, da ɗan ƙwan fitila bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Sai ya yafito ni. “Zo, 'yata. Ke kika gano inda layin ya yanke, ke za ki haɗa.”

Na ɗora wayar inda ya nuna. Ƙwan ya kawo haske.

“Ga wutarmu, Iya. Taɓa ki ji.”

Kaka ta daɗe tana kallo. Ta yi bisimilla, ta kai ɗan yatsa, ta janye, ta sake kaiwa ta bar shi a kai.

“Wannan ce?” ta ce. “Ko shayi ba za ta dafa ba. A kan wannan ƙatti shida kuka taso tun daga Kano?”

Sai a lokacin dariya ta ɓarke. Ta tambayi irin rantsuwar da za a yi, dattijon ya ce alkawari ne kawai, cewa ba za su yaye ɗalibin da zai je ya ƙona gidan mutane ba. Ta gyaɗa kai, ta naɗe tabarmarta, ta dafa kan Baba ta sa masa albarka. Tana shiga ciki ta waiwayo: “Amma ku sake suna. Mutum da hankalinsa ba ya kiran kansa ɗan wuta.”

An karɓi Baba da la'asar ɗin nan. Har ya bar aiki ban ƙara jin ya ce “wuta” a gida ba, sai “lantarki”. Batir ɗin da ƙwan kuwa dattijon ya bar mini, Kaka ta karɓe ta ajiye cikin kwallarta, tana fito da su ta sa ni in kunna wa maƙwabta.

Abin da na koya a zauren nan shi ne, lura kaɗai ba ta isa ba. Kwana biyar Kaka tana kuka a zuci, ni na sani, na yi shiru. Har yau ina da kunya, amma in na ga inda magana ta yanke tsakanin mutum biyu, nakan daure in buɗe baki.