Ramin Azolar Yaya Sahabi

Shekara uku ke nan da rasuwar yayana Sahabi, kuma har yau in na bi ta bayan garkenmu a Sanyinna sai na kawar da kai. Can ramin azolarsa yake.

Azola 'yar ciyawa ce mai yawo a kan ruwa, ganyenta bai kai na tsamiya ba. Sahabi ya haƙa mata rami ƙarƙashin dogon yaro, ya shimfiɗa leda, ya zuba ƙasa da ɗan kashin shanu. Kullum da safe yakan ɗiba da rariya, ya wanke, ya cuɗa da dusa. Mutane suna dariya wai ya koma noman kainuwa, amma da ita tumakinsa suke ƙetare rani.

Da ya rasu na kewaye ramin da ƙaya, na ce kada kowa ya taɓa sai an raba gado, tunda akwai marayu. Matarsa Kulu tana takaba ta aiko mini: "A ce ma Bello, ita in ba a ɗibat ta kullum, mutuwa takai." Ban tambayi malami ko ya halatta a ɗiba ba. Na fi son a ce Bello mai tsoron Allah ne.

Azola ta yi kauri, ta hau kanta, ta yi ja, ta ruɓe daga ƙasa. Ranar rabo wari kawai muka tarar. Kafin ruwa ya sauka tumakin marayun sun fara tafiya kasuwa, kuma daga baya Kulu ta kwashe yara ta koma garinsu Fakku.

Yanzu da dusa ta gagari mai kiwo, masu dariyar nan su ke sallama suna neman iri. Da Sahabi zai leƙo, ba na jin zai yi musu gori. Ni ne ban san da wane ido zan dube shi ba.

Bana na ji akwai wani a garin Dogon Daji da Sahabi ya taɓa ba azola cikin tafi ɗaya, har yau tana raye. Abin da ya rage na yayana ke nan, wanda ya bayar. Na roƙo cikin kwano na kai wa Kulu.

Ta daɗe tana kallon kwanon. "Allah shi saka, Bello," in ji ta. "Wa za ni ba ta? Tunkiya ko guda ba ta rage ba."