Ranar da Muka Naɗa Kawu

Ɗan baffana ne ya kwaso mana fitinar daga wurin aiki. Direba ne a wani kamfani, yana tuƙa Turawa masu haukan ƙwallon zari-ruga, wadda mutum ke runguma ya zura da gudu ƙattai na bin sa. A lokacin ƙasarsu tana ta shan kashi, kullum gardamarsu a mota ɗaya ce: kocin ƙasa ya daɗe, a bar shi ko a sallame shi? Ɗan baffana ko taɓa wannan ƙwallo bai taɓa yi ba, amma ya haddace gardamar tsaf, ya zo ya sauke ta a kan Kawu.

Kawu shi ne kocin ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa a unguwar Madain Fahd da ke Jidda. Mutumin Maraɗi ne, yana sayar da yadi a kasuwar Bab Makka. Ba kawun kowa ba ne a cikinmu, ba shi da mata ko ɗa a Jidda, sai mu. Filin da muke wasa ma kango ne bayan wasu shaguna, shi ya tsince duwatsu da fasassun kwalabe da hannunsa tun muna ƙanana. A shekarar, wajen tsakiyar shekarun casa'in, 'yan unguwar Safa sun yi ta lallasa mu, gaskiya ne. Amma a ce Kawu ya tafi? Na yi faɗa har muryata ta dushe.

"Ya akhi, halas," in ji ɗan baffana. "Ko Turawa in mudarrib, wato koci, ya tsufa canja shi suke. Kawu har yanzu wai a ɗaga ƙwallo sama a bi ta!"

Sauran 'yan ƙungiya suka goya masa baya, suka fi ni yawa. Saura wa zai faɗa masa, nan kowa ya sunkuyar da kai. Yawancinsu haihuwar Jidda ne, Hausar ma da ƙyar take fita, amma kunyar babba sun sha ta a nono. Sai ɗan baffana ya kawo dabara: a yi masa takrim, irin karramawar da Larabawa ke yi wa ɗan wasa in zai ajiye takalmi. A dafa rago, a yafa masa alkyabba a gaban jama'a, shi da kansa zai gane an sallame shi.

Ni a gida aka haife ni, da wayona aka kawo ni Jidda. Na san abin da alkyabba take nufi a wurin mutanenmu, su ba su sani ba. Na haɗiye dariyata na ce in dai za a yi, a yi da kyau: a gayyato dattawan unguwa, a haɗa da rawani. Har godiya suka yi mini, wai na sauko.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka shimfiɗa tabarmi a filin. Dattawa suka cika, 'yan Nijar da 'yan Chadi da namu, har da baffana. Aka ci shinkafa da rago. Ɗan baffana ya tashi ya yafa wa Kawu alkyabba mai bakin zinariya, ya gyara murya zai fara jawabin ban kwana. Kafin ya buɗe baki, wani tsohon malami ɗan Damagaram ya hango rawanin a hannuna. Ya miƙe zumbur kamar ba shi ke dogara sanda ba, ya karɓe, ya shiga naɗa wa Kawu.

"Madalla da yaran ga!" ya ce. "Mu muna cewa sun zama Larabawa, ashe sun san gida. Jama'a ku shaida, yau an naɗa Sarkin Ƙwallo. Sarauta kuwa ba a tuɓe ta. Allah ya ja zamani!"

Fili ya ɗauki amin. Mata suka rangaɗa guɗa ta tagogi. Ɗan baffana ya yi tsaye baki buɗe, sai ga sandar mahaifinsa a bayan gwiwarsa.

"Kai ka sa masa alkyabba, kai za ka fara faɗuwa. Durƙusa!"

Ya durƙusa kuwa, ya ce "Ranka ya daɗe" da Hausarsa mai ƙamshin Larabci. Sauran suka bi layi ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, sai da na ɓoye fuska a hula.

Da jama'a suka watse na tsaya naɗe tabarmi. Kawu yana zaune, gumi na tsiyaya ƙarƙashin rawani, ya yafito ni.

"Ɗana, shekaruna nawa a garin nan? Na san mi ake nufi da takrim. Tun jiya ban iya cin abinci ba. Ina ta tunanin in sun karɓe balo, ƙwallon nan, ina za ni ran Juma'a."

Ya share ido da gefen alkyabbar, ya laluba aljihu ya ciro usur ɗinsa, ya busa da ƙarfi har yaran da suka kai bakin titi suka waiwayo.

"Ku komo!" ya daka musu tsawa. "Rana ba ta faɗi ba. Sarki ya ce a zagaya fili!"