Mahfuz da Famfon Man Motar Surukarsa

In za ka kai wa Mahfuz mota a layin kanikawa da ke bayan Kasuwar Kwastam, to ka shirya amsa tambayoyi. Ba ya ɗaukar spana sai ya zaunar da kai a benci ya titsiye ka. A ina kake shan mai? Wa ke tuƙa ta in ba kai ba? Da sanyin safiya take tsayawa ko sai rana ta take? Shi ya sa abokan sana'arsa suka laƙaba masa Alƙali, shi kuwa ko a jikinsa. Cewa yake rabin ciwon mota yana wajen mai ita, in ba a tambaye shi ba sai dai a yi ta sauya kaya a banza.

A unguwar Abbaganaram aka haife shi. Mahaifinsa Bakano ne, fataucin yadi ya kawo shi Maiduguri, garin ya karɓe shi ya zauna. Ya so ɗan ya gaje shi a rumfa, amma ina! Mota na wucewa tana tari Mahfuz zai saki awon yadi ya bi ta da kunne. Da uban ya gaji, ya kama hannunsa ya kai shi gareji da kansa. A nan ya ƙware a harkar mai da wuta, musamman famfon mai, ɗan injin nan da ke zaune cikin tanki yana tura fetur zuwa gaba. Kunne kawai zai kara a kujerar baya, a murɗa makulli, ya gaya maka ko famfon lafiya yake ko ya kusa sallama. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga surutu kamar rediyon mai shayi. Mutum ɗaya ce tak a garin nan bakinsa ke mutuwa a gabanta, ita ce Hajiya Talatu, mahaifiyar matarsa Suwaiba.

Kada ka ce tsoro ne. Kunya ce irin ta gidan da ya tashi, kuma shi ya ɗauke ta da zafi har ya fi mutanen gidan. Tun da aka ɗaura auren bai taɓa kallon fuskar matar nan ba. In ya je gaisuwa gidanta a Ajilari, daga bakin labule yake tsugunawa, kai a ƙasa. In ya hango ta a kasuwa sai ya faɗa wani layin, ko da layin masu kifi ne. Ita ma ba ta kama sunansa, Baban Sadiya take ce masa, da sunan 'yarsa ta fari.

Hajiya turaren wuta da humra take haɗawa, kuma tana da wata 'yar ƙaramar mota shuɗiya, tsohuwa amma tsaf-tsaf, wadda take kai wa amare kaya da ita. Wata rana motar ta mutu a tsakiyar titi. Suwaiba ta kawo saƙo, Mahfuz ya je ya jawo ta, ya ɗaga kujerar baya, ya zaro famfo ya tarar ya ƙone. Ya sa sabo, ya wanke motar har ƙafafu, ya aika da ita yana jin daɗi. Ba a jima ba ta sake mutuwa. Ya sake sa wani. Shi ma bai yi nisa ba ya bi ɗan'uwansa.

To fa! Nan gumi ya fara karyo masa. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya duba fis, ya auna wutar da ke zuwa famfo, komai daidai. Ya sauke tanki ya wanke shi fes. Duk famfon da ya ciro ƙaurin ƙuna yake yi, ragar da ke gindinsa kuma ta toshe da datti baƙi ƙirin. Ya san sarai amsar tana bakin mai motar. Amma wa zai zaunar da Hajiya a benci?

Sai ya bi ta hannun matarsa. "Suwaiba, don Allah ki tambayar min Hajiya a ina take shan mai, kuma wa ke tuƙa motar."

"Ni zan je in titsiye Mama? Ka ji ka da wata magana."

Ta dai je, ta dawo da kwalbar turare, ta ce, "Ta ce tana gaishe ka, wai Allah ya yi albarka."

"Man fa?"

"Au, hira ce ta ɗauke mu."

Haka aka yi ta yi, tambaya ta tafi, gaisuwa ta dawo. Har ranar da Suwaiba ta shigo jiki a sanyaye ta ce Mama ta ce wataƙila aiki ne ya yi wa Baban Sadiya yawa, in motar ta ƙara tsayawa za ta kai wa Ba'ana, don a rage masa wahala. Ba'ana kuwa Babarbare ne, rumfarsa na jingine da ta Mahfuz, abokin wasa kuma abokin takara. Kafin azahar magana ta iso kunnen Ba'ana. Ya leƙo yana goge hannu da tsumma, ya yi gaisuwa da Barbarci.

"Wushe, wushe, Alƙali! Na ji an ɗaukaka ƙara zuwa kotuna. Ka aiko min da takardun shari'ar."

Layi ya ɗauki dariya. Mahfuz ya taya su da baki, amma abin ya ci masa rai ƙwarai. In motar surukarsa ta tsallake rumfarsa ta shiga ta maƙwabci, ya san har ya tsufa da wannan za a riƙa tsokanarsa. Abin da ya fi damunsa ma shi ne Hajiya ta ɗauka 'yarta na hannun wanda bai iya sana'arsa ba.

Ana cikin haka, ranar wata Litinin da rana tsaka, sai ga shuɗiyar mota ana turo ta cikin layi. Wanda ke riƙe da sitiyari wani dogon mutum ne da Mahfuz bai sani ba, ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya ce sunansa Yoila, ma'aikacin coci ne, maƙwabcin Hajiya, ya kai wata tsohuwa asibiti ne a hanyar dawowa motar ta shaƙe.

Idon Mahfuz ya yi haske. Ga wanda ba surukinsa ba! Ya jawo benci, ya sayo masa ruwan sanyi.

"Malam Yoila, kai ke tuƙa wa Hajiya?"

"Ni? Ai duk Ajilari ke tuƙa ta. Mai haihuwa, mai jinya, mai ɗaukar amarya, duk wanda ya je Mama miƙa masa makulli take."

"Man fa, wa ke sawa?"

"Haba, ai ba ma cin amana. Kowa ya ara sai ya tsaya wajen 'yan bumburutu ya zuba kwalba ɗaya. Mama ba ta tambaya, amma kunya ba za ta bari ka mayar mata haka ba."

Mahfuz ya murɗa makulli ya dubi allurar mai. Tana kwance a ƙasa kamar ta suma. Ya ce, "Kullum haka take?"

"Ai mun ɗauka ta lalace ne."

Mahfuz ya dafe kai, dariya ta ƙwace masa. Famfon nan fetur ɗin da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi. To ga tanki kullum a bushe, ga zafin Maiduguri da ke narkar da kwalta, ga man kwalba da ƙurar bakin titi a ciki. Kowa na yi wa Hajiya kara da 'yar kwalbarsa, famfo na ƙonewa a tsakaninsu.

Gano ciwon bai kai faɗarsa wuya ba. Wannan karon bai yi aike ba, don ya san abin da zai dawo. Ya sa sabon famfo, ya wuce gidan mai ya cika tanki, ya sa wankakkiyar riga, ya nufi Ajilari bayan la'asar. Ya tsuguna a bakin labule, ya tura makullin motar ciki, ƙamshin turare na fitowa, ya yi gaisuwa har ta ƙare ya sake sabuwa. Daga ƙarshe ya runtse ido ya faɗa: motar lafiyarta ƙalau, aro ne ke kashe ta, in da hali a rage bayarwa.

Sai Hajiya ta yi magana a hankali.

"Baban Sadiya, ka san abin da ya sa na sayi motar nan? Shekarun rikici da ake rufe hanyoyi, ranar da ciwon Alhaji, baban Suwaiba, ya tashi, gida-gida na bi layin nan. Masu mota suna tsoron fitowa, ban ga laifinsu ba. A baro muka tura shi, bai kai asibiti ba. Ko kullum za ta ci famfo, ba zan hana kowa ba."

Tausayi ya kama Mahfuz har ya manta a gaban wa yake. Bakin nan nasa ya buɗe. Ya ce to kada a hana kowa, amma a bar motar a hannunsa. Mai aro ya zo wajensa, a daina zuba na kwalba, abin da mutum ya yi niyya a haɗa a sha a gidan mai, shi kuma ba zai bari allura ta sauka ƙasa da rabi ba. Wanda ba shi da ko sisi ya ɗauka ya tafi. Haka kuwa aka yi daga baya, kuma famfon da ya sa ranar shi ne a ciki har yau.

Hajiya ta yi dariya a bayan labule, ta ce, "Ashe kana magana!" Sai ga makullin an sake turowa ta ƙasan labulen, da ɗan zaren ja a jikinsa.

"Ɗauki. Amma ka ji da kyau, duk ranar da wani ya zo maka da majinyaci ka ce masa babu, daga ranar na daina ce maka ɗana."

Mahfuz bai taɓa sanin haka take kiransa ba in ba ya nan. Ya sa hannu biyu ya ɗauki makullin, ya ce, "To, Mama."