Tsaunin da Matar Mai Fenti Ta Zana

Shekara talatin da huɗu Mai Fenti ya yi yana rubuta allunan shaguna. In ka bi layin kasuwa daga kantin magani har shagon gyaran agogo, duk harafin da ka gani hannunsa ne. Aikinsa na haƙuri ne: ya shafa fari, ya jira ya bushe, ya ja layi, in ya yi kuskure ya rufe da wani fentin, gobe ya dawo. Mutumin kirki ne, sai dai a gidansa ba ya son a ambaci burushi a kalli wani ba shi ba.

Matarsa nas ce. Da ta yi ritaya, ƙanwarta ta kawo mata ɗan akwatin fentin ruwa, irin wanda ake jiƙawa a yi zane a takarda, wai ta rage zaman banza. Mai Fenti ya buɗe, ya shinshina, ya tuntsire da dariya. "Wannan ai kayan wasan yara ne."

Dariyar ba ta yi nisa ba. Kullum da safe sai ta hau saman bene da kofin ruwa, ta fuskanci tsaunin bayan gari. Kafin shayinsa ya huce ta sauko da tsauni da gajimare da tankin ruwan unguwa a takarda guda. Zama ɗaya, kuma ba ta komawa kan abin da ta gama. Shi kuwa sai ya leƙa ya ce, "Tankin ya karkace." Kishi ne tsagwaronsa, kuma shi ma ya sani.

Abin ya kai maƙura ranar da 'yarsu ta zo. Ta buɗe ƙaramin asibitin haƙori, shi ne ma ya rubuta mata allon ƙofa.

"Mama, ki zana mini tsaunin nan in rataya a ɗakin jira."

"Ni fa?" in ji shi.

"Haba Baba, kai ai ka yi allo."

Washegari ya riga matar hawa bene. "Ba ni takarda. Mu zana tare, yarinyar ta zaɓa da kanta."

Ta miƙa masa ba musu. Ya fara da sama, shuɗin ya yi duhu. Ya shiga birkita akwatin.

"Ina farin?"

"Ba a sa fari, Baban yara. Takardar ce farin. Inda kake son haske sai ka bar wurin."

"In na yi kuskure fa?"

"Sai ka haƙura da shi."

Ina, bai iya ba. Ya ƙara shuɗi, ya goge, ya ƙara kore, ya sake gogewa. Tsaunin ya koma kalar ruwan wanke-wanke, takardar ta sha ruwa ta kumbura, can ta huje a tsakiya. Ita tuni ta gama tana wanke burushi. Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Ta turo nata gabansa. "Ka san rubutuna, na 'yan asibiti ne, ni kaina ba na iya karantawa. Sa mini sunana a ƙasa."

Ya so ya ƙi. Sai kuma ya ɗauki burushi mafi siriri, ya riƙe numfashi, ya ja sunanta ba tare da ya ɗaga hannu ba. Bai taɓa rubuta haruffa masu kyau haka ba. Kada ka ce don Allah ya yi. So yake duk idon da ya kalli zanen ya fara sauka a nan.

Bayan mako guda ya je asibitin, wai haƙori na damunsa. Ya zauna daf da zanen ya kasa kunne. Wata mata da ke dafe da kunci ta miƙe ta matsa kusa, ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yi wannan?" ta tambayi mai karɓar kati.

"Mahaifiyar likita ce."

"Kai, Allah ya yi mata baiwa! Dubi ma rubutun hannunta, kamar na inji."

Mai Fenti ya buɗe baki zai yi magana. Daidai nan 'yarsa ta leƙo daga ciki, tana sa safar hannu.

"Baba, shigo. Wane haƙorin ne yake ciwo?"

Ya tashi a hankali, yana dafa gwiwa.

"Dukansu," ya ce.