Dod Mai Fentin Taga

Tun jiya nake ganin ana yawo da hoton Dod Harcus a shafin mutanen tsibirinmu, wai "gwarzon rundunar jiragen Tulloch". Runduna! Don Allah ku daina ba ni dariya. Jiragen sama uku ne, na katako da ƙyalle, mai su tsoho Tulloch ya sa musu sunayen 'ya'yansa mata. Yaƙin Jamus na farawa gwamnati ta kwashe Bella da Jean. Bella ta kafe a taɓo a Faransa, Jean ko labarinta ba a sake ji ba. Maisie ce ta rage, ita ma don sojoji sun leƙa cikinta sun ce a'a, sun gode. A makiyayar tumaki take sauka, tana jigilar likita da duk wanda ya yi shatarta zuwa garin Kirkwall.

Dod kuwa ba direban jirgi ba ne. Mai fenti ne. Kakata Ina ta san shi tun tana budurwa, a bakinta na ji komai.

Doka ta zo cewa a shafe tagogin Maisie, kada fasinja ya hango jiragen yaƙin da ke tsaye a mashigin ruwa. Dod ya shafe su da fenti ta ciki. Mutanenmu kuwa kun san su. Ana tashi kowa zai zaro kwabo ya kankare 'yar kafa ya manna ido, don kusan kowane gida na da ɗa a ruwan nan. Kyaftin Mowat mai tuƙi ya sani, ya yi kamar bai gani ba. Dod ne ya mai da abin yaƙinsa. Sai ya tsaya bakin ƙofa yana duba farcen mutane.

"Ina, buɗe hannunki."

"Kai Kawu Dod, da kwandon ƙwai zan kai wa Jamusawa labari?"

"Bakin nan naki ya fi bam. Buɗe!"

Har matar fasto ya kai ƙara wajen ɗan sanda. Da ya ga ba a daina ba, sai ya kankare na cikin tas, ya koma ya lafta fenti ta waje, shafi kan shafi. Ya zauna a kanti yana shan shayi yana buga ƙirji: "Yanzu kowa ya kawo kwabonsa, ko sule ne."

Ba a jima ba labari ya zo. Jirgin ruwan da ɗansa Erlend ke ciki ya shigo mashigin, ba a barin kowa sauka, kuma arewa za su nufa rakiyar jiragen kaya. Dod ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci ya sami Mowat.

"Kyaftin, ba yaron nake cewa zan gani ba. Jirgin kawai."

"Kujerar gaba guda ɗaya ce, dattijo, kuma tawa ce. Shiga baya, zan ɗan karkata."

Kakata na cikin tafiyar. Ta ce da suka iso kan ruwan, Mowat ya karkatar da Maisie ya ɗaga murya: "Ga shi nan, ta hagu!" Sai ga Dod, Dod ɗin nan dai, ya zaro kwabo daga aljihu. Ya karta, ya karta. Gilashi sumul. Ya sa farce, ya sa makulli, ya tofa yawu ya goga da hannun kwat.

"Kawu," in ji Kaka, "fentin ta waje yake."

Ya ci gaba da karta har suka sauka a Kirkwall.

Erlend bai dawo ba. Bayan yaƙi kamfanin Tulloch ya rushe, Dod ya sayi gangar jikin Maisie ya ja ta da tarakta zuwa bayan gidansa, ya zuba kaji. Abu na farko da ya yi, ya ɗauki reza ya bi tagogin nan ɗaya bayan ɗaya ya kankare fentin. Har ya mutu duk Asabar sai ya wanke su.

To ga gwarzonku nan. Ku ci gaba da danna masa alamar zuciya a ƙarƙashin hoto. Amma in za ku rubuta tarihin runduna, ku sa cewa a duk tsibirin nan kajin Dod ne suka fi kowa ganin teku.