Keken Katako Har Garwa

Ana kiran assalatu muka bar Kano, ni da babban ɗana, wanda kun san ba na kama sunansa. Kayana ba yawa: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, sai keken koyon tafiya mai ƙafa uku da na sa kafinta ya yi mini. Wasiƙar surukina ce ta tashe ni. Shekara uku ke nan da ya tafi da 'yata Rakiya Garwa ta ƙasar Kamaru, inda yake cinikin goro. Ya ce ɗansu Yakubu ya shekara ɗaya da wata biyar, ba ya tsayuwa, ko gwaranci ba ya yi. Likita ya duba bai ga komai ba, amma Rakiya ta sa wa ranta gurgu ta haifa, har ta daina cin abinci. Ni da na raini tara, na ce a bar ni da shi.

Mun kwana a Gwambe, muka haye ruwa a jirgin fito a Numan, muka sake kwana a Jimeta. Daga nan sai babbar mota, a kan buhunan albasa, hanya kuma duk gargada. Da muka isa iyaka wani jandarma, ɗan sandan can, ya ɗaga keken nan, ya juya shi, ya murza ƙafafun, ya yi dogon Faransanci. Direba ya ce wai yana tambayar takardun wannan 'yar motar. Na ce a gaya masa direbanta na Garwa, bai fara aiki ba tukuna. Ya yi dariya ya miƙo mini.

Garwa gari ne mai tsabta, ga inuwar darbejiya, amma zafinsa ya fi na bakin murhu. Motocin auduga sai wucewa suke, kowane kanti da hoton shugaban ƙasa, don ɗan garin ne. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ga tauri, sai da na jiƙa shi a shayi. Kifin kogin Binuwai kuwa araha, har na ji haushin abin da muke biya a Kano. Duk wanda ka gaisar ya ce maka "Jam," wato lafiya da Fulatanci.

Na iske Rakiya ba yadda na san ta ba. Ta rame, wuya ya fito. Gidan haya ne, maƙwabta Fulani, ita ba ta jin Fulatanci. Miji kuma rabin mako yana Ngawundere wajen tarar kaya a jirgin ƙasa. Yaron na goye a bayanta, ƙato, kumatu cike. Na matsa ƙafafunsa, na ja, na lanƙwasa. Lafiya lau suke.

Na ce, "Maigida, ga matarka ta zo da mota!" Na ɗora hannuwansa a kan keken ina "ta-ta-ta." Ya tsandara ihu, ya zube. Kwana huɗu muna haka. Na yi rawa, na yi tafi, na nuna alewa, ko kallo ban ishe shi ba. Gaskiya na fara tsorata.

Rana ta biyar ina zaune a zaure raina a ɓace, sai Madam Marta ta zauna kusa da ni. Kirista ce daga kan duwatsu, tana soya gyaɗa a ƙofar gidan, tana jin Hausar kasuwa. Ta ce, "Mama, yaro ba shi ciwo. Kullum yana duba mamanshi, mamanshi yana duba bango. Me ya sa ba ya kira shi?"

Na buɗe baki zan ce ai ɗan fari ne, ba a kama sunansa, sai na fasa. Na koma ciki na zuba ido. Rakiya na yi masa wanka, tana ba shi nono, tana goya shi, duk baki a rufe. In ya yi mata murmushi sai ta kau da kai, balle yanzu da nake gidan. "Yaron nan" take ce masa. Daidai yadda na koya mata, daidai yadda na yi. Sai dai ni lokacin da nake tawa kunyar, gidanmu akwai kaka, da gwaggo biyu, da 'yan mata masu rige-rigen ɗauka. Nan kuwa daga ita sai bango huɗu.

Na ce, "Rakiya, sauke shi. Koma can ki tsuguna, ki kira shi da sunansa."

Ta rufe fuska da gefen zane. "Haba Inna, a gabanki?"

"A gabana. Wa kike jin kunya a Garwa? Wa yake da shi in ba ke ba?"

Ta daɗe a tsugune. Can sai ta ce, "Yakubu. Zo."

Yaron ya waiga kamar an taɓa shi. Ya rarrafa, ya kama gwiwarta, ya miƙe tsaye yana dariya. Bai taka ba ranar. Sai da aka yi mako biyu tana kira yana zuwa, ita kuma ta koma cin tuwo. Ana gobe za mu taho ya saki turmin da yake dafe da shi, ya yi taku uku ya faɗa jikinta. Ta rungume shi tana kuka a gaban kowa, Madam Marta na guɗa. Keken kuwa jikokin Marta ne ke tura gyaɗa da shi.

A hanyar dawowa, bayan mun haye Numan, ɗana ya ce, "Inna, ni wa ya koya mini tafiya?" Na ce kakarsa. Ya gyaɗa kai, ya mai da ido kan hanya. Mutum mai furfura a gemu, amma sai na ga tausayinsa ya kama ni.

Mun iso Kano da la'asar ranar ta uku. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne kunyar ɗan fari sai a gida mai jama'a, kuma duk 'yar da za ta yi nisa sai na gaya mata haka. Da ya sauke mini kaya a ƙofar gida ya juya zai tafi, na tattaro ƙarfina na kira shi da sunansa. Ya tsaya cak, yana waige-waige, yana neman wanda ya yi kiran.