Mai Ɗaukar Hoton Ƙugiyar Taragai

Matso ka zauna, ka ji labarin wani mutum da ke tsayuwa a bakin layin dogo, bayan Tudun Wada, kowace Asabar. Rigarsa ta koɗe, hannunta na dama wayam, an naɗe shi da fil. In jirgin gyaɗa ya taho, sai ya tokare akwatin hoto da cikinsa. Ba ruwansa da kan jirgi, ƙugiyoyin da ke haɗa taragai kaɗai yake ɗauka.

Kulu mai fura ta ce, "Malam, mutane ake ɗauka, ba ƙarfe ba!"

Ya ce, "Inna, guda ɗaya nake nema. Na san ta."

Da alama aikin haɗa taragai ya taɓa yi, har wata ƙugiya ta cinye masa hannu. To, ranar da ya gane ta, me zai yi mata?